Inda San Rocco Ya Huta

A Roccamurra babu shagon aski ko garejin gyaran mota da bai taɓa rataya Loredana a bango ba. Kalandar wani kamfanin taya ce ta fara dawo da ita gida, bayan ta bar garin da 'yar jakarta ta tafi Milano. Ita ce watan Yuli. Tana kwance a bakin teku cikin kayan wanka da ba su kai hankici biyu ba, gashinta a jiƙe, tana kallon wani abu can nesa. Shekara ta ƙare, aka zubar da sauran watanni, amma Yuli ya zauna. Akwai wani gareji a bayan kasuwa da har yau ba a fita daga watan ba.

Ita kuwa in ta tuna hoton, sanyi take tunawa. A tsakiyar lokacin sanyi aka ɗauke shi. Mai ɗaukar hoton yakan sa mata ƙanƙara a baki kafin ya danna, don kada tururin numfashinta ya fito. Abin da take kallo can nesa, wanda mazan garin suka daɗe suna gardama a kansa, wata mata ce tsaye riƙe da bargo.

Ta so aikinta. Daga kalanda ta shiga mujallu, daga mujallu ta shiga talabijin, inda aikinta shi ne ta fito da ambulan a hannu, ta miƙa wa mai gabatarwa, ta yi murmushi, ta koma. Ta iya barci a tsaye cikin jirgin ƙasa. Ta iya sauka matakala da dogon takalmi ba ta kalli ƙasa ba. Tana son a kalle ta, kuma ba ta taɓa ɓoye haka ba.

Sai wata rana aka gayyace ta, ita da wasu 'yan mata, jirgin ruwan shaƙatawa na wani minista. Wani ya ɗauke su hoto daga kan dutse. A hoton tana cin kankana, ministan yana raɗa mata magana a kunne. Jaridu suka ce kujerar majalisa ya yi mata alkawari. Wasu suka ce ba kujera ba ce, gida ne. 'Yan adawa suka yi ta ɗaga hoton a zauren majalisa har ya tsufa a hannunsu. Abin da ya raɗa mata, in ji ta, shi ne akwai ƙwallon kankana a haɓarta, amma ba wanda ya so jin wannan. Ministan ya tsira da kujerarsa, ita aka daina kiranta talabijin. Ana cikin haka aka bugo mata cewa mahaifiyarta, Donna Mena, ta faɗi a ɗakin girki, ɓarin jikinta ya shanye. Ta tattara takalmanta ta dawo.

Zaman gida ya karɓe ta fiye da yadda aka zata. Gidansu yana can sama a Unguwar Tudu, a gefen doguwar matakalar nan da ta taso daga dandali ta haura har ƙaramar majami'ar kan dutse. Da safe takan tura Donna Mena a kekenta zuwa baranda, su sha kofi, su yi gulmar masu wucewa. Bakin tsohuwar ya karkace, maganarta ta zama kamar ta mai tauna ɓaure, Loredana kaɗai ke gane ta duka. Da rana ta shanya tumatir a kan rufi. Ta yi ƙiba kaɗan, abin ya yi mata kyau, ta kuma san ya yi.

Abu ɗaya ya dame ta: ruwa. Da zarar zafi ya shigo, famfon Unguwar Tudu sai ya yi tari ya yi shiru, sai an sauka maɓuɓɓugar da ke ƙasan matakala an ɗebo. Shi ya sa da Farfesa Ottavio ya zo (a nan duk wanda ya taɓa riƙe alli farfesa ne) ya roƙe ta ta tsaya takarar kansila a jerin masu adawa da magajin gari, ta dubi jarkokin da ke bakin ƙofa ta ce to. Don Gaspare, wanda ya daɗe a kujerar magajin gari har kujerar ta ɗauki siffarsa, ya yi dariya da ya ji. Da ya ga matan Unguwar Tudu sun fara tsayar da ita a hanya suna nuna mata kantar hannuwansu, sai dariyar ta tsaya.

Bikin San Rocco kuwa ya faɗo kafin zaɓe. Ranar ake fito da mutum-mutumin waliyyin daga coci, maza su ɗauke shi a kan dogayen sanduna su zaga gari, sannan su haura matakala da shi. Na itace ne, mai nauyin gaske, da karensa a gefe ɗauke da burodi a baki. Ɓeraye sun taɓa cin rabin burodin, aka bar shi haka, don tsofaffi sun ce waliyyi ne ya ba su. In masu ɗauka sun gaji sai a tokare sandunan da gwafa, a juyo fuskar waliyyin ya kalli bango, su huta. Bangon da ya kalla ya sami albarka. A kan matakala wurin hutu biyu ne: maɓuɓɓuga, da ƙofar Donna Mena, tun zamanin kakan mijinta. Tun da ta kwanta ciwo ta sa a ranta cewa shekarar da San Rocco ya wuce ta bai tsaya ba, ba za ta ga ta gaba ba. Likita bai taɓa yi mata musu ba.

Ana saura 'yan kwanaki biki sai ga Saverio mahauci ya hauro yana haki. Shi ne shugaban masu ɗauka, kafaɗarsa ta dama ta yi tozo irin na sa, kuma yana alfahari da shi. Ya tsaya a zaure yana murza hularsa.

"Lori, kin san ni da babanki, Allah ya ji ƙansa, sanda ɗaya muka ɗauka."

"Na sani, Kawu Saverio. Zauna mana. In kawo kofi?"

"Bar kofin nan. In na sha ba zan iya faɗa ba."

"To faɗi, sai ka sha."

"Ƙungiyar masu ɗauka ta zauna." Ya kalli silin. "An ce bana waliyyi zai huta a bangon tsohon gidan matsar man zaitun. Ba nan ba."

"Gidan matsar mai? Wa ke ciwo a can, ƙadangaru?"

"Kada ki yi mini haka, 'yar nan. Ɗana a ofishin Don Gaspare yake aiki. Rabin masu ɗauka ma haka, in ba ɗa ba suruki." Ya sake murza hular. "An ce in kika cire sunanki, ƙungiya tana iya sake zama."

"Wa ya ce?"

"An ce."

Ta kawo masa kofin. Ya sha, bai kalle ta ba, ya tafi. Bai kai ƙasa ba ta ji sandar Donna Mena tana bugun daɓen sama. Ta haura wurinta.

"Me mai tozo ya zo yi?"

"Gaisuwa, Mamma."

"Ƙarya. Saverio bai taɓa hawa matakalar nan don gaisuwa ba."

Loredana ta zauna a bakin gado ta faɗa mata duka. "Gobe zan je in cire sunana. Kujerar kansila ce fa, ba sarauta ba."

"Ki cire, ki koma jakin Gaspare, kina ta jidar ruwa har ki yi tozo ke ma?"

"Waliyyi fa?"

Tsohuwar ta juya fuska wajen taga. Can ta ce, "Ai ya san hanya. Ba za ki cire komai ba. Ciro mini zanen gadon aurena ki goge, za a rataya a baranda kamar kullum."

Loredana ba ta cire sunan ba. Amma tana ganin yadda uwar take zama ta ƙura wa matakala ido, ko gulmar masu wucewa ta daina.

Da Don Gaspare ya ga shiru, sai ya ɓullo ta wata hanya. Aka wayi gari an manne gari da Loredana. Hoton nan na watan Yuli ne, an buga shi da girma kamar ƙyauren ƙofa, an jera ɗaya gefen ɗaya, a ƙasa an rubuta: GA KANSILARKU. Daga dandali har kan dutse, ko'ina ka juya tana kwance tana kallon nesa. Bango ɗaya tak aka tsallake, na gidan Donna Mena. Ba don kunya ba. A nan ba a manna takarda a bangon gidan da ke da marar lafiya, domin takarda ɗaya ce ake mannawa a irin wannan bango, ita ce sanarwar mutuwa mai baƙin baki. Ko wanda ba ya zuwa coci ba zai yarda hannunsa ya yi wannan ba.

Farfesa Ottavio ya same ta a maɓuɓɓuga, tana tsaye da jarka tana kallon kanta.

"Wannan cin mutunci ne! Yanzu zan tara mutane mu yayyage su!"

"Farfesa, tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin na fi haka kyau?"

"Ni ban… ban duba ba."

"Ashe kai kaɗai ka rage a garin. Bar su. Takarda mai kyau suka sa, dubi yadda teku ya fito."

Ta ɗauki jarkarta ta haura tana bin kanta hagu da dama. Abin mamaki, ba ta ji komai ba sai wani ɗan tausayi ga yarinyar nan mai ƙanƙara a baki, da ɗan alfahari kuma. Mutanen gari ma ba su wani girgiza ba. Wanda ya yi shekaru ana yi masa aski a ƙarƙashin hoto, ba ya ganin hoton kuma. Rana ta gasa gam ɗin ya kama bango kamar fata. Jajibirin biki Loredana ta dama farar ƙasa ta shafe bangonsu, kamar yadda babanta yake yi duk shekara, ko da waliyyi zai wuce ne kawai.

Ranar biki zafi ya sauko tun hantsi. Kowace baranda an rataya zanen gado mafi kyau. Donna Mena ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, an tura ta gaban baranda, ga kwando da igiya kusa da hannunta. Daga nan ana ganin matakalar duka har ƙasa. Suka ji 'yan badujala suna zaga gari, sautin ya ɓace, ya dawo, sannan San Rocco ya ɓullo a dandali yana rangaji a kan kafaɗu. A gabansa Don Ilario, tsohon limamin coci mai tabarau kamar gindin kwalba. A bayansa Don Gaspare, ya rataya ɗamararsa mai launin tuta.

Suka iso maɓuɓɓuga. Loredana ta ga an kawo gwafanni, an fara juyo waliyyin wajen bango. Sai ta ga Don Ilario ya matsa kusa da bangon har hancinsa ya kusa taɓawa, ya ja da baya, ya ɗaga hannu biyu sama. Aka janye gwafanni. Waliyyin ya juyo, ya ci gaba da hawa.

"Me ya faru?" in ji Donna Mena.

Ba a daɗe ba labari ya hauro daga baranda zuwa baranda, har ya iso bakin Donna Titina, maƙwabciyarsu.

"Lori! An ce Don Ilario ya ce waliyyi ba zai kalle ki ba!"

"Ni? Ai ga ni nan a sama."

"Ba ke ba, waccan ke ɗin! Ta bango!"

Ba wanda ya yi tunanin haka, ko waɗanda suka manna. Zannuwan gado daga bene suke saukowa, ba su kai ƙasa ba, iyakarsu su rufe mata gashi su bar sauran. Wani ya cire kwat ya kara a bango, ya rufe wuri ɗaya, na kusa da shi yana nan. Mai kula da coci ya sa farce ya ɓanɓaro, fuskar kawai ta fita. Don Ilario yana gaba yana ta kaɗa hannu: a ci gaba, a ci gaba.

Matakalar nan ko da hannu wofi sai ka tsaya ka numfasa. Masu ɗauka kuwa mafi yawansu sun yi jikoki. Suna hawa, gumi yana ɗiga a kan duwatsu, waliyyin ya fara karkata gefe, karensa yana leƙen ƙasa. Mata suka fara salati irin nasu suna kiran Uwar Yesu. A gidan matsar mai, inda ƙungiya ta zaɓa, nan aka fi manna ta, domin bangon dogo ne mai santsi. Don Ilario ko tsayawa bai yi ba.

Loredana ta dubi uwarta. Tsohuwar ta kama ƙarfen baranda, ba ta ko ƙifta ido. Loredana ta sauka da gudu, ta ɗauki tulun ruwan sanyi da ta hauro da shi da safe, ta buɗe ƙofa ta tsaya a gefe, ta bar bangon a fili.

Suka iso. Fuskar Saverio ta yi ja kamar naman da ke rataye a shagonsa. Ya kalli bangon, fari fat, yana ɗaukar ido. Ya kalli sama, inda sauran matakala ta miƙe har kan dutse, hagu da dama duk Yuli. Ƙafafun mutanen suka rage sauri da kansu.

"Kawu Saverio," ta ce a hankali, "ga ruwa."

"Saverio!" Don Gaspare ya kutso gaba. "An zauna an yanke magana! A wuce!"

"Yallaɓai," in ji Saverio, da ƙyar maganar ke fita, "sandar hagu akwai wuri. Zo ka sa kafaɗa, sai mu wuce tare."

Don Ilario ya matsa kusa da bangon, ya bi shi da hanci daga wannan gefe zuwa wancan.

"Nan babu komai," ya ce, kamar wanda ya tsinci abu.

"Bangon marar lafiya ne, Don Ilario," in ji Loredana.

"A ƙofar wannan matar?" in ji Don Gaspare. "Wadda ta cika gari da tsiraici?"

"Ni na cika, yallaɓai? Ni ko gam ba ni da shi."

Daga sama sai ga muryar Donna Mena, mai ƙarfi, a cukurkuɗe. Kowa ya ɗaga kai.

"Me ta ce?" in ji Don Ilario.

"Ta ce a dubi waliyyin da kyau. Tun tana yarinya ya ɗage riga cinyarsa a waje yana nuna mikinsa, ba ta taɓa jin an hana shi shiga coci ba."

Wani daga sandar baya ya tuntsire da dariya, dariyar ta bi sandar har gaba, waliyyin ya yi wani irin rangaji da ya sa mata ihu. Saverio bai jira kowa ba. Ya ƙwanƙwasa sanda da ƙashin yatsa, aka cusa gwafanni, aka juyo San Rocco. Matakalar a nan ta yi tudu, barandar kuma ba ta da tsawo, don haka fuskarsa ta zo daidai da ta Donna Mena, kamar maƙwabta biyu da suka haɗu a taga.

Tsohuwar ta sa hankicinta a kwando ta zuro da hannunta mai lafiya. Saverio ya karɓa, ya goga a mikin waliyyin, ya mayar, ta janye. Ta riƙe hankicin a kumatunta da ya shanye, bakinta yana motsi. Wannan maganar ko Loredana ba ta gane ta ba, ba ta kuma yi ƙoƙari ba.

Bai taɓa daɗewa a ƙofar kowa haka ba. Masu ɗauka suka zube a kan matakala, suka shanye tulun, aka fito musu da giyar gida da busasshen burodi mai zobe, suka cinye. 'Yan badujala suka busa duk waƙoƙin da suka iya, suka koma farko. Don Gaspare ya tsaya a rana, domin inuwar wurin ɗaya ce, ta zauren Donna Mena. Daga baya Loredana ta miƙa masa kofin ruwa. Ya dubi hagu da dama, ya karɓa.

Da suka tashi tafiya, mata sun riga sun haura gaba, sun kwance zannuwansu daga baranda sun tsaya jere da su a jikin bango. Waliyyin ya bi ta tsakiyar zannuwan aure har kan dutse.

Loredana ta hau sama ta cire takalmi, ta zauna a ƙasa kusa da keken uwarta, ta jingina kai da ƙarfen baranda. Ƙafafunta suna zafi, tana jin daɗin zafin. Kiɗan yana ta yin nisa.

"Sun sake masa fenti a gemu," in ji Donna Mena. "Bai yi kyau ba. Ya zama kamar ɗan kasuwa."

"Ni ban lura ba."

"Ke me kike lura da shi in ba kanki ba?" Ta ninke hankicin da hannu ɗaya ta cusa a ƙirji. "Giyar nan ta yi kaɗan. Na ga Saverio yana leƙa gindin kwalba, abin kunya. Baɗi ki tanadi babbar."

"To, Mamma."

"Kuma ki ce wa Titina baɗi ta nemo wani zanen. Wannan nata duk gari ya ga inda aka yi masa faci."